Mijina akanta ne, amma 'yan damfara sun cinye mu kuma yana shirin ƙara musu

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Maigidana akanta ne a wani kamfani, mutum ne da ko kuɗin cefane sai ya rubuta a littafi. Bara wani abokinsa ya shigar da shi wata harkar saka kuɗi ta waya, wai cikin wata ɗaya ake ninka maka. Ya fara da dubu 200 aka biya shi, sai ya zuba kuɗin da yake tarawa na gini, nima na bashi sarƙata da warwarona na gwal ya siyar ya ƙara. Yanzu wata huɗu kenan an rufe cire kuɗi. Suka ce kowa ya biya kuɗin tantancewa, ya biya, shiru. Yanzu kuma wani ya fito a gurup ɗinsu wai zai ciro musu kuɗin in an bashi kashi goma, shine yake son siyar da filin da ya rage mana. Duk wanda ya masa magana sai faɗa. Hajiyarmu tace sammu aka masa, akwai malamin da zai karya a dubu 150. Anti ya akayi mai hankali irinsa ya koma haka? Wallahi har na fara raina wayonsa, ni tun farko jikina bai bani ba. Ki bani shawara.

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya mayar muku da mafi alheri, ya sa kaffara ce.

Bari in fara da na gaggawa kafin yara su ɗauke miki hankali ki bar karatun a rabi: kar a siyar da filin nan, kuma kar a kai wa malamin nan dubu 150. Wannan da ya fito a gurup yana cewa zai ciro kuɗi ci gaban damfarar ne, sau da yawa ma su ɗin ne dai suka sake riga, tunda su ke da lambobin duk wanda suka cinye kuma sun san babu mai saukin cuta irin wanda ke haƙilon fanso asararsa. Da CBEX, wata harkar saka kuɗi ta waya irin wannan, ta rushe a watan Afrilun 2025 haka aka yi, mutane na kuka har wasu suka fasa ofishinsu na Ibadan, sai ga sanarwa wai kowa ya biya dala 100 ko 200 na tantancewa kafin a sakar masa kuɗinsa, kuma aka samu masu biya. MMM ma, wata harkar ta baya irin wannan, da ta daskarar da asusun mutane a Disambar 2016 cewa tayi a yi haƙuri zuwa Janairu, kuma da Janairun yazo an samu masu sake zubawa. Toh kinga maigidanki ba shi ya fara ba.

Yanzu tambayarki, ya akayi mai hankali ya yi haka. Kinsan Isaac Newton, wannan Baturen Ingila da ake wahalar da yara da dokokinsa a makarantar sakandare? Ba malamin lissafi kawai bane, shine ma shugaban gidan buga kuɗi na Ingila a zamaninsa. A 1720 ya sayi hannun jarin kamfanin South Sea, ya siyar da wuri ya ci ribarsa, sai yaga farashi na ta hawa mutane na ta kuɗancewa, ya kasa haƙuri ya dawo ya zuba da yawa a lokacin da abin ya kusa fashewa, ya tafka asarar dukiya mai yawan gaske. In wannan ya faɗa, akantan kamfani fa?

Abinda yasa kike mamaki shine kina auna mijinki da wani mutum da babu shi a duniya. Masana tattalin arziki sun daɗe suna gina lissafinsu a kan wannan mutumin, wanda ya san duk zaɓin da ke gabansa, ya auna riba da asarar kowanne ba tare da tsoro ko kwaɗayi ko kunyar surukai sun taɓa shi ba, sannan ya ɗauki wanda ya fi. Tun wajajen 1955 wani Ba'amurke Herbert Simon yace a daina yaudarar kai, ɗan Adam bashi da lokacin, bashi da cikakken bayani, kansa ma bazai ɗauka ba, abinda muke yi shine mu bi gajeriyar hanya mu tsaya a kan abinda ya mana "ya isa". An bashi kyautar Nobel a 1978. Kuma fa gajeriyar hanyar nan ba wauta bace, da ita ake rayuwa. A Kantin Kwari ana ɗaukar dilar kaya ta miliyoyi a kan "wane ne ya turo ni", ba takarda ba komai, kuma galibi lafiya ake rabuwa. Wanda na yarda da shi ya shiga, na gwada da kaɗan an biya ni, jama'a da yawa na ciki, wannan hujjoji ne masu aiki a kasuwa kusan kullum. 'Yan damfara sun san da haka, shi yasa suke biyan na farko da kuɗin na baya, kuma shi yasa basa zuwa da kansu sai dai su turo maka amininka wanda shima da zuciya ɗaya yake kiranka. Dubu 200 ɗin nan da aka ninka masa ba riba bace, kuɗin talla ne suka kashe a kansa.

Da ya zauna da biro minti biyar da ya gani. Naira dubu 100 in tana ninkawa duk wata, a shekara ɗaya ta haura miliyan 409, a wata 30 ta haura tiriliyan 107, kusan ninki biyu na kasafin kuɗin Najeriya na 2025 gaba ɗaya wanda yake wajen tiriliyan 55. Ribar Sukuk, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci da gwamnatin tarayya ta fitar a 2025, bata kai kashi 20 cikin 100 ba, a shekara fa ba a wata ba. Mijinki ya fi ni iya wannan lissafin sau ɗari. Bai yi bane kawai, domin alat ya riga ya shigo, kuma wanda yaga alat da idonsa baya neman biro.

Wancan na shiga kenan. Abinda ya fi damuna shine na ƙin fita, kuma a nan nake so ki nutsu sosai. Wasu masana halayyar ɗan Adam guda biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun wallafa wani bincike a 1979. Suka tambayi mutane: me ka fi so, a baka 3,000 tabbas, ko a yi ƙuri'a wadda kashi 80 cikin 100 zaka samu 4,000, kashi 20 ka tashi a tutar babu? Mutum 80 cikin 100 suka ce a basu 3,000 ɗinsu su tafi. Sai aka juya tambayar ta koma asara: ka yi asarar 3,000 tabbas, ko ƙuri'ar da kashi 80 zaka yi asarar 4,000, kashi 20 ka tsira ba ko kwabo? Nan take 92 cikin 100 suka zaɓi ƙuri'a. Lambobin iri ɗaya ne, amma masu taka tsantsan ɗazu sun koma 'yan kasada don kawai an ce musu asara. Daga baya su biyun suka ƙiyasta cewa zafin rasa abu ya kai wajen ninki biyu na daɗin samun irinsa. Kahneman ya karɓi Nobel a 2002 kan wannan aikin, shi Tversky ya riga ya rasu tun 1996.

Toh ki ɗora mijinki a kai. A ransa kuɗin nan basu ɓata ba tukuna, "an riƙe" su ne, har yanzu yana buɗe manhajar yana ganin lambobi a rubuce da sunansa. Ranar da yace bazai ƙara biya ba, ranar ce asarar ta tabbata, kuɗin gini sun tafi, gwal ɗinki ya tafi, kuma shi akanta guda an yi masa wayo. In kuma ya siyar da fili akwai ɗan ƙyallin fata komai ƙanƙantarsa. Ba filin yake son rabuwa da shi ba, ranar can yake gudu, yana siyan jinkirinta da duk abinda ya samu.

Akwai kuma maganar "ai na riga na zuba da yawa, ya za'ayi in bari yanzu". A jami'ar Ohio ta Amurka wasu masu bincike, Arkes da Blumer, sun taɓa siyar da tikitin kallon wasan kwaikwayo na zango guda, wasu a cikakken farashi dala 15, wasu aka rage musu dala 2, wasu dala 7, ba tare da zaɓe ba. Waɗanda suka biya cikakke suka fi zuwa kallo a rabin farko na zangon, alhali wasan ɗaya ne, kujerun ɗaya ne. Abinda ya riga ya fita daga aljihu bai kamata ya shiga lissafin gobe ba, amma yana shiga, dala bakwai ma ta sa mutum ya fito daga gida balle miliyoyi da sarƙar matarsa. Gwamnatoci ma basu tsira ba, Ingila da Faransa sun yi ta narka kuɗi a jirgin saman Concorde bayan ta bayyana bazai mayar da abinda aka kashe ba.

Sai faɗan da yake yi da duk mai masa magana. A 1954 an yi wata 'yar ƙungiya a Amurka da suka yi imani ruwa zai cinye duniya ranar 21 ga Disamba, wani jirgi zai sauko daga sama ya kwashe su, wasu har aiki suka bari suka rabar da kayansu. Wani masanin halayyar ɗan Adam Leon Festinger da abokan aikinsa suka shiga cikinsu suna kallo. Rana tazo ta wuce ba ruwa ba jirgi. Kin zata watsewa zasuyi? Waɗanda suka fi sadaukarwa sune suka ƙara ƙanƙame abin, suka ce ai imaninsu ne yasa aka fasa, suka ma fara fita neman sabbin mabiya. In mutum ya biya da tsada kafin ya yarda da abu, hujja bata fiye kwance shi ba, sai ma hankalinsa ya koma lauyan zuciyarsa, aikinsa kawai ya nemo abinda zai kare ta. Kuma mai ilimi lauyansa ya fi ƙwarewa, shi yasa in kika kawo masa dalili ɗaya zai kawo miki biyar masu kan gado har da lambobi. Gurup ɗin nan kuwa cike yake da mutane masu ciwo iri ɗaya suna ƙarfafa juna dare da rana, duk wanda yace damfara ce a cire shi a ce maƙiyi ne.

Yanzu ke. Kar kiji haushina. Kince tun farko jikinki bai baki ba, amma a wasiƙar nan taki ke da kanki kika ce kin cire sarƙa da warwaro kin bashi, baki ce ƙwace yayi ba. Bance ƙarya kike ba, ƙwaƙwalwa ce take gyara labari bayan an ga ƙarshensa. An gwada wannan ma, wani mai bincike Baruch Fischhoff da abokiyar aikinsa sun sa mutane su faɗi hasashensu kafin tafiyar shugaban Amurka Nixon zuwa Sin da Rasha a 1972, bayan ya dawo aka ce su tuno abinda suka faɗa, sai mafi yawansu suka tuna cewa ai dama sun fi karkata ga abinda ya faru. Laifi tudu ne. Na faɗi haka ne don rainin nan da kika ce ya fara shigar ki, shine ya fi filin hatsari a wajena, kuma ina tabbatar miki yana ganinsa a idonki ko baki furta ba, kuma yana cikin abinda ke tura shi neman fanso kuɗin ko ta halin ƙaƙa don ya dawo da girmansa a gidan.

Maganar sammu kuwa, ni bana musun akwai sihiri, Alƙur'ani ya faɗa. Amma hukumar NDIC mai inshorar kuɗin da ake ajiyewa a bankuna tace 'yan Najeriya wajen miliyan 3 ne suka yi asarar kusan naira biliyan 18 a MMM, duk sammu aka musu? Wane boka ne ke da wannan lokacin? Hajiya uwa ce, ya fi mata sauƙi ace wani ne ya shiga tsakani da ace surukinta da take alfahari da shi ya yi kuskure da idonsa biyu, kuma ki lura dubu 150 ɗin nan ƙanwar kashi goman can ce, a biya wani ya warware cikin dare abinda zuciya ta kasa haɗiyewa. Azkar na safe da yamma, Falaƙi da Nasi, Ayatul Kursiyyu, addu'ar musiba da Annabi (SAW) ya koya wa Ummu Salama, duk kyauta ne, ku dage da su. Hajiya kuma ki lallaɓa ta da girmamawa, kice mata kuɗin ne babu yanzu amma kuna kan addu'a, ta taya ku.

Toh ya za'ayi da shi. Abu na farko ki ajiye gardama kan ko damfara ce ko ba damfara ba, bazaki ci wannan shari'ar ba, duk sanda kika ce "an cuce ka" abinda kunnensa ke ji shine "kai wawa ne". Kuma kar ki tare shi yana shigowa daga aiki ko yana tsaka da duba wayar. Annabi (SAW) ya hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi, alƙali fa da ilminsa da komai, domin an san hali na juya hankali. Ki bari ya ci abinci, yara sun yi barci, ki fara da naki kason, kice "Abbansu nima fa na zaƙe a lamarin nan, ni na miƙa maka gwal ɗin, mu biyu muka shiga". Wannan kalmar ta "mu" ita zata sauke masa rabin kayan. Ki bashi labarin Newton ma in kinga fuska, maza na son ace musu manya ma sun faɗa.

Daga nan sai tambaya, ba wa'azi ba. Ki tambaye shi, da ace bamu taɓa saka ko sisi ba, yau wani da bamu taɓa gani ba ya turo saƙo yace mu siyar da fili mu tura masa, zamu yi? Ko kuma, da ƙaninka ne yazo maka da wannan maganar, ko wani yazo da ita ofis a matsayinka na akanta, me zaka ce masa? Mutum ya fi gani sarai in matsalar ta wani ce. In yayi shiru kar ki cike masa shirun, kar kuma ki nemi sai ya furta "na yi kuskure", ba lallai ya taɓa furtawa ba kuma bakya buƙatar hakan, fasa siyarwar kike buƙata.

In ya dage sai an gwada mutumin gurup ɗin, akwai gwaji mai sauƙi da bazai taɓa masa girma ba: ya ce wa mutumin ya ciro kuɗin tukuna ya cire kashi gomansa a ciki, kai ko kashi ashirin ne an yarda. Mai iya ciro miliyoyi baya buƙatar kuɗin gaba. Zai kawo uzuri, wai kuɗin buɗe asusu, wai kuɗin haraji, wai yau ne rana ta ƙarshe. Ki bar mijinki ya ji uzurin da kunnensa, ya fi ke ki faɗa sau goma. Sannan ku yi yarjejeniya tun yanzu cewa duk wani kuɗi mai nauyi bazai fita ba sai ya kwana bakwai kuma an yi istihara an shawarci mutum ɗaya da baya cikin gurup ɗin. Gaggawa ce jarin mutanen nan, sati ɗaya na kashe musu kasuwa.

Takardun filin kuma, in da hali ya amince a kai su ajiya wajen wani babba da yake jin nauyinsa, yayansa ko kawunsa ko limamin da yake ganin girmansa, mutum ɗaya mai riƙe sirri, ba taron dangi ba, in kika tara masa jama'a kin gama rufe ƙofar. Kar ki ɗauke takardun a ɓoye ki kai gidanku, ranar da ya gane maganar ta tashi daga ta fili ta koma ta aure. Kuma ba cin fuska bane a sa wa mai hankali shinge, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ne ga muminai su rubuta bashi su sa shaidu, ba don ana zarginsu ba sai don an san ɗan Adam da mantuwa da rauni.

Ki bashi wani aikin da zai maye gurbin wancan, domin zama haka kawai da asara shine abinda ya kasa. Ya tattara hotunan alat, rasit na banki, lambobin asusun da ya tura wa kuɗi, saƙonnin gurup, ya rubuta ƙorafi ya kai EFCC, ya kuma sanar da hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari da bankinsa. Ba'a biyan ko kwabo, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta fito ƙarara ta haramta irin wannan harkar har da ɗauri. Bazan yaudare ki ba, da wuya kuɗin su dawo, in ma wani abu ya dawo kaɗan ne kuma bayan dogon lokaci. Amma aiki ne na akanta, zai yi shi da kyau, kuma a wajen jera lambobin a takarda ne da yawa suke ganin abin da idonsu a karon farko.

Zancen gwal ɗinki, in aro kika bashi haƙƙinki ne yana nan, amma ba watan tada shi bane wannan. Ki dai sa masa ido sosai, in kinga ya daina cin abinci, baya barci, yana kulle kansa a ɗaki, ko ya fara irin maganganun "gara ma ace bana nan", wannan ya wuce sirrin mata da miji, a daren ki kira yayansa kuma a kai shi asibiti ya ga likita. Abokin da ya shigar da shi kuwa ku bar shi da abinda ya ishe shi, da alama shima nasa kuɗin na can. Ki sake rubuto min bayan kun yi maganar, musamman abinda mutumin gurup ɗin ya ce da aka nemi ya cire kasonsa daga baya.